Kwana Tara a Jamus Ina Bin Sawun Haruffa

Jami'in shige da fice na filin jirgin saman Frankfurt ya riƙe fasfona, ya tambaye ni abin da ya kawo ni ƙasarsu. Na ce masa haruffa na zo gani. Ya ɗago kai ya dube ni kamar bai ji da kyau ba. Sai na gyara zance, na ce sana'ata tsara fosta da bangon littafi da tambarin kamfanoni a kwamfuta, na zo ne in ga inda sana'ar ta samo tushe. Ya nemi takardar masauki da tikitin komawa, ya duba bizar da na biya wa Yuro 80, ya buga hatimi ya miƙo mini ba tare da ya ƙara cewa uffan ba. Farkon watan Satumban 2023 ne.

Tun kafin in taso na sayi tikitin nan na Yuro 49 da suka fito da shi a watan Mayun shekarar, wanda mutum zai yi ta hawan bas da jiragen ƙasa na kusa da na yanki a duk faɗin ƙasar har wata guda. Da shi na shiga jirgin Mainz, ban cika minti talatin ba na sauka. Masaukina ɗaki ne mai gadaje shida, sama da ƙasa, kuma wanda ke samana bai daina minshari ba sai asuba.

Mutanen Mainz suna alfahari da abubuwa uku na ci da sha: burodi, tsiran alade da giyar inabi. Biyu daga ciki ba nawa ba ne. Don haka tun daren farko na ƙulla zumunci da shagunan Turkawa masu sayar da dona, wato yankakken nama cikin burodi da ganye, kuma a kansa na rayu kusan duk tafiyar. Kuskurena na farko ruwan sha ne. Na ɗauki gora babba na kafa kai, sai na ji yana cizon harshe, ashe mai iskar gas ne. Gorar kuma ba a yar da ita, akwai santi 25 a kanta da ake mayar wa mutum idan ya kai ta injin shago.

Washegari na nufi gidan tarihin Gutenberg, ɗan garin da ya fara ɗab'i da haruffan ƙarfe a Turai. A lokacin gidan yana daura da babbar majami'ar garin. An kafa shi a 1900. A ƙasan ginin wani mutum sanye da rigar aiki yana nuna yadda ake ɗab'i a zamanin. Ya narka dalma da aka gauraya da kuza da wani ƙarfe mai sa ta tauri, ya zuba cikin wani ɗan mazubi da yake riƙe a hannu, ya girgiza, ya buɗe, sai ga harafi ɗaya ya faɗo, a juye kamar a madubi. Ni da na zata injin matsa takardar ne babban abin da Gutenberg ya ƙago, a nan na gane na yi kuskure. Injin aro ne daga masu matse inabi, wanda yankin ke cike da su. Basirar tana cikin wannan ɗan mazubin da ke fitar da harafi iri ɗaya sau dubu, duk tsayinsu ɗaya, da kuma tawada mai mai a cikinta wadda ke kama ƙarfe, domin tawadar marubuta ta ruwa zamewa take yi.

Littattafan kansu suna cikin wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe irin ta banki, haske kaɗan, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Baibul ne na Latin da aka gama bugawa wajen 1455, kwafi kimanin 180, wasu a takarda wasu a fata, 49 suka rage a duniya, wasu ma ba cikakku ba. Layi 42 a shafi, a ginshiƙi biyu. Na tsaya a gaban gilashin har mai gadi ya fara kallona.

Abin da ya tsayar da ni gefen dama na rubutun ne. Miƙe yake tsaf kamar an ja da zare, amma babu layin da kalmominsa suka yi wa juna nisa. Duk wanda ya taɓa danna maɓallin daidaita gefe a kwamfuta ya san abin da ke biyo baya: ramuka farare su buɗe a tsakiyar sakin layi, su gangaro kamar kwata. Gutenberg bai buɗe tazara ba. Ya zuba siffofin haruffa kusan 290, harafi ɗaya da mai faɗi da siriri, da haruffa biyu a manne, da alamomin taƙaita kalma, don mai jera rubutu ya zaɓi wanda zai cike layin daidai. Har ɗan layin raba kalma waje yake turawa, ya rataye a gefe don kada ya ɓata miƙewar. Kuma duk wannan wahala don me? Don mai saye ya ga littafin kamar rubutun hannu, irin baƙin rubutun nan mai kauri da marubutan majami'a ke yi. Har gurabe ya bari fayau, aka kai wa masu zayyana suka cike da jan tawada da furanni da hannu. Sabuwar fasaha ta fito, amma rigar tsohuwa ta ara ta sa.

Labarin kuɗinsa kuwa duk mai sana'ar hannu zai ji shi a jikinsa. Johann Fust ya ba shi rancen gulda 800, kuɗin zamanin, har sau biyu, ya kai shi ƙara a 1455, ya ci shari'a, kayan aiki suka koma hannunsa da na Peter Schöffer, wanda ma'aikacin Gutenberg ɗin ne. Su ne sunansu ya fito a littafin Zabura na 1457. Gutenberg bai sa sunansa a kan ko ɗaya daga abin da ya buga ba, kuma hotunansa masu dogon gemu duk bayan mutuwarsa a 1468 aka ƙirƙiro su.

Sashen Asiya na gidan ya rage wa Bature ɗan fankama. Koriyawa sun buga littafi da haruffan ƙarfe a 1377, shekara 78 kafin Mainz. Sinawa sun jera haruffan yumɓu tun wajen 1040. Takardar ma tasu ce, ta biyo hannun Musulmi ta Samarƙand da Bagadaza da Andalus kafin ta kai Italiya, kuma sai 1390 aka kafa masana'antarta ta farko a Jamus, a Nuremberg. Shi kansa Gutenberg daga Italiya ya sayo tasa.

Ranar Lahadi na bar Mainz, ban san shaguna ba sa buɗewa ba, sai da burodin tasha na karya kumallo. A Frankfurt na ga wani jirgi fari mai jan layi an rubuta Erfurt cikin tashoshinsa, na faɗa ciki na sami kujera mai laushi ina ta murna. Mun yi nisa sai ga mai duba tikiti. Ta haska wayata, ta girgiza kai. Tikitin Yuro 49 ba ya aiki a jirage masu gudu, kuma an rubuta hakan ƙarara cikin sharuɗɗan da ban karanta ba. Ni da nake cin abinci da jera ƙananan sharuɗɗa a gindin fosta, ina ƙanƙance su yadda ba mai karantawa, yau ga shi sun rama. Ta ce tarar daga Yuro 60 take farawa. Na nuna mata hatimin fasfona mai kwana biyu, na yi shiru. Ta dube ni jim, ta ce in sauka a Fulda, kada in sake. Daga can na yi canjin jirgi sau uku, ɗaya ya makara ya sa na rasa na gaba, na isa Weimar rana ta kusa faɗuwa.

Weimar ƙaramin gari ne mai tsafta, ƙamshin gasasshen tsire ko'ina, wanda shi ma ba nawa ba. Yini ɗaya na ba shi. A nan Walter Gropius ya buɗe Bauhaus, makarantar zane da tsara gine-gine, a 1919, cikin ginin da Henry van de Velde ɗan Beljiyam ya tsara, mutumin salon nan mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar reshen kabewa da ya cika fostocin Turai wajen 1900. A sabon gidan tarihin da aka buɗe a 2019 akwai wani gadon jariri na 1922, da'ira shuɗiya, alwatika rawaya, murabba'i ja. Wassily Kandinsky, ɗan Rasha da ke koyarwa a can, ya yi imani kowace siffa da launinta, har takardar tambayoyi ya rarraba don ya tabbatar. Ban gamsu ba, kuma ba zan kwantar da ɗana a gadon ba. Abin da ya fi burge ni labarin takardun kuɗi ne. A 1923, lokacin da kuɗin Jamus ya zama takardar banza, jihar Thuringia ta ba wani ɗalibi, Herbert Bayer, aikin zana takardun miliyoyin Mak, kuɗin Jamus na lokacin. Babu lokacin zana gaggafa da ado, kuɗin na iya mutuwa kafin tawada ta bushe. Sai ya ɗauki haruffan da ke maɗaba'a, marasa ƙafa marasa ado, ya dasa lambar ƙatuwa. Sauri ne ya haifi salon, ba falsafa kaɗai ba.

A tashar Leipzig, ina tsaye ina karanta allon jirage, na ji wani yana waya da Hausa. Na jira ya gama na yi masa sallama. Dattijo ne, shekarunsa sama da ashirin a garin. Ya ja ni muka sha shayi, ya ƙi yarda in biya. Da ya ji abin da ya kawo ni ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce, "Yaro, kuɗin jirgi ka kashe ka zo kallon a, ba, ca, da?" Na ce, "Baba, ai su ke ciyar da ni." Ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya kwatanta mini taragon da zan hau, ya gargaɗe ni kada in tsallaka titi sai ɗan mutumin fitila ya zama kore, ko da babu mota. Wannan ɗan mutum mai malafa aikin wani masanin halayyar masu bin hanya ne, Karl Peglau, a Jamus ta Gabas a 1961, kuma da aka haɗe ƙasar aka so cire shi jama'a suka ce ba su yarda ba.

Leipzig garin littafi ne tun da, kuma gidan tarihin sana'ar ɗab'i da ke can bai yi kama da gidan tarihi ba, maɗaba'a ce mai rai. Warin tawada da man inji ne ke tarar mutum tun daga matakala. Wani tsoho da ya yi ritaya daga sana'ar ya kunna mini injin Linotype, wanda Ottmar Mergenthaler, Bajamushe mazaunin Amurka, ya fito da shi a 1886. Yana danna maɓallai, ƙananan mazuban tagulla na gangarowa da ƙara kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, sai ga layi sukutum na dalma ya fito da zafinsa. Ya nuna mini akwatunan haruffa, ɗaruruwan aljihunan katako, kowane da salonsa da girmansa.

Ya jawo wani aljihu na baƙin rubutun Jamus mai karye-karye, wanda suke kira Fraktur, ya ce a kan wannan an yi shekaru aru-aru ana rigima. Masu kishin ƙasa suna cewa shi ne rubutun Bajamushe na gaskiya, zagayayyun haruffan da muka sani kuwa na Italiya da Faransa ne. 'Yan Nazi sun rungume shi da farko, sai kwatsam a Janairun 1941 suka haramta shi, suka laƙa masa cewa na Yahudawa ne, alhali mutanen ƙasashen da suka mamaye ne ba sa iya karanta shi. A wannan gari aka haifi Jan Tschichold a 1902, ɗan mai rubuta allunan shaguna. Ya je baje kolin Bauhaus na 1923 ya dawo ya zama wani mutum, ya wallafa littafinsa na sabon tsarin ɗab'i a 1928: a daina tara komai a tsakiyar shafi, a bar farin fili ya yi aiki, abu mafi muhimmanci ya fi girma. An kama shi a 1933, ya tsere Suwizalan. Daga baya shi da kansa ya juya wa tsauraran dokokinsa baya, ya ce sun yi kama da horon soja. Na fi ganin girmansa a kan wannan fiye da littafin.

Tsohon ya ce in jera kalma ɗaya ya buga mini tsaraba. Na ce ƙarfe. Na sami a, na sami r, da f, da e. Na rubuta masa harafin farko a takarda. Ya gyara tabarau, ya duba, ya ce k ce? Na ce k ce mai ƙugiya, kuma in ka cire ƙugiyar ka canza sauti, wani lokaci ma ka canza magana, domin kafa daban ƙafa daban. Ya bi aljihuna ya fi goma, har na lissafi da na Girkanci, babu. Na ce kada ya wahalar da kansa, ko a kwamfuta haka muke fama: ka zaɓi salon haruffa mai kyau, ka rubuta ɓ ko ɗ ko ƙ, sai wani ɗan akwati fanko ya fito, ko harafin ya zo daga wani salo dabam ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. Ya ce su ma harafinsu ß sai 2017 aka amince da babbansa a hukumance. Ya ɗauko k, ya buga, ya miƙo mini alƙalami ya ce in sa mata ƙugiyar da kaina, ai haka aka yi wa Gutenberg jan rubutunsa.

Dessau bai kai sa'a guda daga Leipzig ba. Nan Bauhaus ta koma a 1925 bayan gwamnatin Thuringia ta yanke mata kuɗi, kuma abin daɗin shi ne ana kwana a cikin ginin, a ɓangaren ɗalibai mai ɗakuna 28. Na kama ɗaya. Gado, tebur, kujerar bututun ƙarfe, wurin wanke hannu, shi ke nan. Banɗaki da wurin wanka na tarayya ne a baranda. Ɗakina da 'yar barandarsa wadda ba ta wuce tabarmar sallah ba, da ƙarfen dogarawa gajere, na leƙa sau ɗaya na koma ciki. Takun kowa a ginin sai ya iso kunnenka. Da dare na fita na zagaya ta kudu na tsaya ƙarƙashin sunan makarantar, haruffa bakwai a jere daga sama zuwa ƙasa, waɗanda na sha gani a littattafai tun ina koyon aiki.

Manyan baƙaƙe ne, kuma abin dariyar ke nan, domin Bayer da ya zana su shi ne ya jagoranci yaƙi da manyan baƙaƙe. A Jamusanci kowane suna da babban baƙi yake farawa, ko tebur ne ko kare. Bayer ya ce ɓata lokaci ne, tunda baki ba ya furta babba da ƙarami. Daga 1925 makarantar ta koma rubuta komai da ƙananan baƙaƙe, har suka buga a gindin takardar wasiƙarsu cewa suna yin haka ne don su tanadi lokaci. Ya zana nasa haruffan da kamfas da rula kawai. László Moholy-Nagy ya shigo da hoto cikin shafi a matsayin magana, ba ado ba. Ba su kaɗai ba ne, kuma jagoran da ya zagaya da mu ginin bai ɓoye ba. Theo van Doesburg na ƙungiyar De Stijl ta Holan ya tare a Weimar yana koyar da ɗalibansu a gefe, El Lissitzky ya kawo musu jajayen siffofi da layukan karkace na juyin juya halin Rasha, kafin su kuma 'yan Futurism na Italiya da 'yan Dada, ƙungiyoyin masu zane da marubuta, sun riga sun watsa haruffa a shafi kamar an zubar da tsaba.

Ra'ayina a kansu biyu ne. Kusan duk abin da nake yi kullum jikan zamaninsu ne: takardar A4 da Jamus ta tsayar da ma'auninta a 1922, salon haruffan Futura na Paul Renner na 1927, Helvetica da aka zana kusa da Basel a 1957, allon tasha da ake karantawa a guje. Amma sun cika ji da kai. Sun kira haruffansu na duniya baki ɗaya, alhali duniyar tasu ba ta wuce baƙaƙen Latin ba. Auna harafi da lissafi kuma ba su suka fara ba. Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a 940, ya auna kowane harafin Larabci da ɗigon alƙalami da tsayin alif da da'ira, shekara dubu kafin kamfas ɗin Bayer, kuma nasa bai rasa kyau ba. Bangon gilashin ginin da ake ta yabo, da rana ta take sai ɗakin ya koma tanda. An rufe makarantar a Dessau a 1932, ta ƙarasa mutuwa a Berlin a 1933, shekara 14 kacal. Bayer kuwa ya zauna har 1938 yana aikin talla, cikinsa har da littattafan baje kolin gwamnatin da ta rufe makarantarsa.

Berlin kwana biyu na yi, ɗaya ruwan sama ya cinye. Na yi sa'ar samun tikitin gidan tarihin Pergamon, domin saura makonni a rufe shi don gyaran shekaru, jama'a sun yi masa ca. Kowa ya nufi Ƙofar Ishtar ta tsohon birnin Babila, shuɗiya mai zakuna a hanyarta, ana ta ɗaukar hoto. Ni na wuce wajen wasu ƙananan akwatunan gilashi da ba mai tsayawa.

Allunan yumɓu ne daga Uruk, a kudancin Iraƙi ta yau, sun haura shekara 5,000, wasu ba su kai tafin hannu ba. Ba waƙa ba ce a jikinsu, ba addu'a ba. Galibinsu lissafi ne: sha'ir kaza, tumaki kaza, rabon ma'aikata. Zanen kan mutum da ƙwarya a gefen bakinsa yana nufin ci. Da farko zana hoton suke yi, amma jan layi mai lanƙwasa a ɗanyen yumɓu yana tattaro laka, sai suka koma danna bakin kara, hotunan suka rikiɗe suka zama tsinke-tsinke. Kara ne ya yanke siffar rubutun, kamar yadda dalma ta yanke ta a Mainz. Na matsa har goshina ya kusa taɓa gilashi. Marubucin ya ja layuka ya raba allon gida-gida, lamba a gefe ɗaya, kaya a ɗaya gefen, jimla a baya. Na san wannan tsari. Rasit ne. Ban san adadin irinsa da na tsara wa masu shaguna ina ƙunƙuni, ina ganin aikin bai kai matsayina ba.

Da na fito ruwan ya ɗauke. Na sayi kwalin kariya na saka takardar tsohon Leipzig don kada ta lanƙwashe a jaka, na mayar da gorunan ruwa huɗu na karɓi Yuro ɗaya, na nufi filin jirgi. Ina zaune a ɗakin jira na kunna waya, saƙon wani mai ba ni aiki ya shigo kan fostar da na aika masa kafin tafiya. Ya ce, "Malam, sannu da hanya. Aiki ya yi kyau. Sai dai farin filin nan ya yi yawa, a cike shi, a ƙara wa sunan kamfani girma, kuma a sa masa ja."